Ciwon mama da ya ƙi jin magani: yadda ake gano tarin fuka na nono da yadda ake warkar da shi

Mafi yawan ciwon nono da ke kama mai jego ba ya ɓoye kansa. Dare ɗaya nono zai kumbura, ya yi ja, ya ɗau zafi, zazzaɓi ya rufe mace har da rawar sanyi. Ƙwayar cutar da ta fi jawo shi sunanta Staphylococcus aureus, a fatar mutum da cikin hancinsa take zaune, sai ta samu ƙofa idan kan nono ya tsage. Wannan mun san shi, mun san maganinsa. In an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya dace, mace ta ci gaba da ba yaro nono ko tatsewa, kwana 2 ya isa ta fara jin sauƙi, kuma cikin kwana 10 zuwa 14 an rabu da shi. In ya tara mugunya a zuƙe ta da allura, ko a ɗan tsaga a fitar.

Wanda ya sa nake wannan rubutu daban ne. Ni likita ce, a ɓangaren tiyata nake aiki, kuma lokaci-lokaci akan kawo mini mace da ciwon nono da ya yi wata uku, wata biyar, har shekara, an sha magani an gaji, an tsaga ya rufe ya sake fashewa. Wasu daga cikinsu sankara ce. Amma akwai waɗanda in an bi diddigi sai a tarar ƙwayar tarin fuka ce ta sauka a nono. Mutane na mamaki in na faɗa musu, domin a saninsu tarin fuka ciwon huhu ne. Gaskiya huhu ya fi kamawa, amma yana kama kaluluwa, ƙashin baya, ciki, ƙwaƙwalwa, yana kuma kama mama. Ba sabon abu ba ne: wani likitan tiyata na Ingila mai suna Astley Cooper ya bayyana shi tun 1829. A ƙasashen da tarin fuka ya yi ƙaranci likita zai iya gama aikinsa bai taɓa ganinsa ba. Mu kuwa Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, saboda haka bai kamata ya fita daga ranmu ba.

Yadda yake zuwa

Ƙullutu ne a nono ɗaya, galibi a tsakiya ta bayan kan nono, ko can sama ta wajen hammata. Ba ya gaggawa. Wata guda, wata biyu, yana nan yana ƙaruwa a hankali. Wani yana ciwo kaɗan-kaɗan, wani ba ya ciwo sam. In ya tara mugunya za ki taɓa wurin ki ji ba zafin nan irin na maruru, shi ya sa a asibiti muke ce masa ƙurji mai sanyi. Daga baya fatar wurin ta yi duhu, ta yi laushi, ta fashe da kanta ta wani ɗan rami, ruwa tsinkakke yana tsatsafowa yana ɓata miki riga. Ramin ya rufe, ki ce alhamdu lillahi, bayan mako biyu wani ya ɓulle a gefensa. Kaluluwar hammata takan kumbura, wani lokaci ma ita ce ke fara fitowa kafin nonon, ƙwayoyinta su manne da juna. A wasu matan, musamman waɗanda suka manyanta, ba ya yin mugunya da yawa, sai dai nonon ya taurare ya tsuke, kan nono ya shige ciki. Wannan nau'in ne ya fi rikitar da mu da sankara.

Ya fi kama matan da ke shekarun haihuwa, waɗanda suka haihu sau da yawa, da masu shayarwa. Amma budurwa ma yana kama ta, tsohuwa ma, har namiji, ko da yake da wuya.

Kada ki jira tari kafin ki yi zarginsa. Mata da yawa masu wannan ciwo ba sa tari ko kaɗan, hoton ƙirjinsu ma fes yake fitowa. Zazzaɓin yamma, gumin dare, rama da rashin son abinci, in suna nan suna ƙara mana zargi, in ba sa nan ba su wanke kowa ba. Ƙwayar takan iso nono ne daga kaluluwar hammata, ko daga haƙarƙari da rufin huhu da ke bayansa, ko ta hanyar jini daga wani wuri da ta daɗe tana kwance.

Ga ƙa'idar da nake aiki da ita, kuma ina roƙon abokan aikina na ƙananan asibitoci su riƙe ta. Duk ciwon nono da aka ba shi cikakken magani na mako biyu bai sauka ba, ko ya sauka ya dawo, ko aka tsaga ya bar rami mai zubar da ruwa, ko ya fito wa macen da ba ta shayarwa, to ya wuce a canza masa ƙwaya. Sai an ɗebi ruwan da naman wurin an kai ɗakin gwaji. Ke kuma 'yar'uwa, in kin ga naki ya shiga cikin waɗannan, kina da haƙƙin ki ce wa mai duba ki: “Don Allah a tura ni inda za a ɗebi nama a gwada.”

Abin da za ki daina, da abin da za ki riƙo

Ki daina karɓar haɗin kemis. Dalilina ba wai don maganin ba ya aiki kawai ba ne. Akwai magunguna biyu da ke yi mana ɓarna ta musamman a wannan ciwo. Na farko dangin sifrofuloksasin da lebofuloksasin, waɗanda ake sayarwa kamar ba komai ba. Suna ɗan kwantar da ƙwayar tarin fuka ba tare da sun gama da ita ba, sai ciwon ya lafa, a ɗauka an dace, gwaji ya ƙara wuya, ƙwayar kuma ta koyi jure wa maganin da za mu buƙata in abin ya yi tsanani. Na biyu furedinisolon da deksametason. Suna sauke kumburi da sauri, amma ta hanyar danne garkuwar jiki suke yin haka, kuma garkuwar nan ita ce ta tsare ƙwayar a wuri ɗaya.

Ki daina sakiya. Na san wanzami na kusa, na san in mugunya ta fita ana jin sanyi a rai. Amma ƙurjin tarin fuka in an huda shi ba a ba da maganinsa ba, hudar ba ta rufewa, ita ce ke zama ramin da zai yi ta zuba. Haka shafe-shafen ganye da toka a kan buɗaɗɗen rauni, suna ƙara wasu ƙwayoyin a kan na farko, in mun zo gwaji sai su ne za su fito su rufe mana ainihin mai laifin.

Ranar zuwa asibiti ki tattaro duk kwalaye da ledojin magungunan da kika sha, har da waɗanda suka ƙare. Wata baiwar Allah, uwar 'ya'ya huɗu, ta zo mini da baƙar leda ta zazzage ta a kan tebur. Muka jera su ɗaya bayan ɗaya ita tana faɗa mini wanda ta fara sha da wanda ya biyo baya. A ciki na ga katin sifrofuloksasin da aka shanye, na ga ƙananan fararen ƙwayoyi a ƙulle cikin takarda ba suna, da na tambaya ta ce su ne suke sauke mata kumburin, in ta daina ya dawo. A nonon akwai tabon sakiya uku, biyu sun bushe, ɗaya yana tsatsafa. Kafin in aika da komai ɗakin gwaji, ledar nan ta riga ta ba ni rabin labarin. Da na tambaye ta ko akwai mai tari a gida, ta yi shiru, can ta ce surukarta ta sha maganin wata shida shekaru biyu da suka wuce, kuma ita ce ta yi jinyarta.

Saboda haka ki shirya amsa waɗannan: yaushe ya fara, yaushe kika yaye, akwai wanda ya taɓa yin tarin fuka a gidan ko a ɗakin da kike kwana, kina da ciwon suga, kina shan maganin tazarar haihuwa, akwai mai sankarar mama a danginku. In kina shan madarar shanu ba a tafasa ba ki faɗa, domin shanu ma suna da nasu tarin fuka kuma yana ratsowa ga mutum ta ɗanyar madara. In kin ɗauki hoton wurin a waya a makonnin baya, ki nuna, yana taimaka mana mu ga tafiyarsa.

Gwaje-gwajen, ɗaya bayan ɗaya

Za a fara da duba nonuwan biyu da hammata biyu da wuya. In kina jin nauyi ki nemi likita mace, ko a sa ma'aikaciyar jinya ta tsaya a ɗakin, wannan haƙƙinki ne. Sai sikanin na nono, irin wanda ake yi wa masu ciki. Yana nuna ko ƙullutun nama ne ko ruwa, ko akwai hanyoyin mugunya a ƙarƙashin fata, ko ciwon ya taɓa haƙarƙari. In kin kai shekara 40 ko kin wuce, akan ƙara da mamogaram, wato hoton X-ray na nono. Za a yi hoton ƙirji, in kina tari a karɓi kaki. Za a gwada ƙanjamau da suga, kuma kada wannan ya ɓata miki rai, duk wanda ake zargin tarin fuka a jikinsa ana yi masa, domin sakamakon yana canza yadda za a tsara magani.

Sikanin da mamogaram ba sa yanke hukunci. Tarin fuka da sankara suna iya fitowa iri ɗaya a hoto. Gwajin fata na Mantoux shi ma bai isa ba, domin a ƙasarmu mutane da yawa sun taɓa haɗuwa da ƙwayar ba tare da ta kwantar da su ba. Hukunci yana cikin ruwan ciwon da namansa.

A nan ne mata ke ja da baya, saboda maganar da ta yaɗu cewa ciwon daji, wato sankara, ba ya son allura, in ƙarfe ya taɓa shi sai ya bazu. Na ji wannan daga bakin masu ilimi da marasa ilimi. Ɗibar nama da allura ba ta baza sankara, ba ta baza tarin fuka. Abin da ke faruwa shi ne, yawanci ba a zuwa asibiti sai ciwo ya riga ya yi nisa, in aka ɗebi nama ya ci gaba da tafiyarsa, sai a ɗora wa allurar laifi.

Ga yadda ake yi. Za ki kwanta rigingine, hannu a bayan kai. A wanke wurin, a yi miki allurar kashe zafi, ita ce za ki ji kamar cizo na ɗan lokaci. In akwai mugunya a zuƙe ta da sirinji, an fi son a shiga ta lafiyayyar fata daga gefe don kada hudar ta zama rami. Sannan a sa wata allura mai ɗan kauri mai maɓalli, za ki ji ƙara “ƙas”, ta ciro siririn nama. Akan maimaita sau uku ko huɗu, daga gefen ƙullutun ko bangon ƙurjin, domin tsakiyarsa mataccen nama ne da ba ya nuna komai. A manna filasta ki tashi ki tafi gida. Duka bai fi rabin sa'a ba.

Yanzu ga abin da nake so kowane ma'aikacin lafiya ya haddace, ke ma ki sa ido a kai. Kwalba biyu ake buƙata. Ɗaya mai ruwan fomalin, ita ce za ta tafi wajen masu duba nama a madubin ƙara girma. Ɗayar mai ruwan gishirin asibiti tsabtatacce, ita ce za ta tafi gwajin tarin fuka da shuka ƙwayar cuta, wato renon ta a ɗakin gwaji a ga ko za ta tsiro. Fomalin yana kashe ƙwayar. In aka zuba duka naman a cikinsa, to ba sauran abin da za a shuka, sai an sake kwantar da mace an sake ɗiba. A kan takardar kuma a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ana zargin tarin fuka, domin ɗakin gwaji ba ya neman abin da ba a ce ya nema ba. Gwajin mugunya na yau da kullum, wanda ake bayar da sakamakonsa cikin kwana biyu ko uku, ba ya kama wannan ƙwaya. In kin ga an rubuta “ba a samu komai ba” alhali nono na zuba, wannan kansa alama ce.

Ruwan ko naman da ke cikin ruwan gishiri za a sa shi a na'urar GeneXpert. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, kuma yanzu tana nan a manyan asibitocin gwamnati da yawa. Aikinta a cikin na'ura bai wuce sa'a 2 ba, tana nuna ko akwai ƙwayar, tana kuma nuna ko ta bijire wa rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Shukar ƙwayar kuwa tana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin a ce babu, saboda ƙwayar tarin fuka a hankali take hayayyafa. Duba nama a madubi yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu ko fiye, kuma asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da masu wannan aiki. Abin da suke nema shi ne curin ƙwayoyin garkuwar jiki da suka kewaye cuta, wanda muke kira giranuloma, da wani ruɓaɓɓen nama fari a tsakiyarsa mai kama da cuku.

Ƙwayar ba ta da yawa a cikin nono, shi ya sa gwajin da ake rina ruwan ciwon a duba a madubi sau da yawa ba ya ganinta, GeneXpert ma yakan kuskure ta. In naman ya nuna giranuloma mai ruɓewar nan, an tabbatar ba sankara ba ce, tarihinki kuma ya yi daidai, likita zai iya fara miki maganin tarin fuka ko da na'ura ta ce babu, sannan ya sa ido ya ga yadda jiki zai karɓa. Wannan hukunci ne na likitan da ya ga sakamakon nama. Ba a fara shi a kan zato kawai.

Masu kama da shi

Sankara ce ta farko, musamman nau'in da ke sa nono ja da kumburi kamar ciwon jego. Shi ya sa ko GeneXpert ya nuna tarin fuka, ina son in ga sakamakon nama, domin ana samun cututtukan biyu a nono ɗaya, ko da yake da wuya.

Na biyu wani kumburin nono ne shi ma mai giranuloma, amma ba tarin fuka ba, wanda likitoci suka ware shi a matsayin ciwo mai zaman kansa a 1972. Yana kama mace 'yan shekaru bayan haihuwa, yana yin ƙuraje da ramuka, yana zuwa yana dawowa. A wasu daga cikin masu shi ana samun wata ƙwaya mai suna Corynebacterium kroppenstedtii, wadda aka fara bayyana ta a 1998. Ƙwaya ce mai son kitse, a cikin kitsen nono take ɓuya, ba ta tsirowa da sauri a ɗakin gwaji, kuma da yake danginta na zaune a fata, akan ɗauka datti ne a watsar. In an same ta, akan zaɓi maganin da ke ratsa kitse irin su doksisaikilin, a sha na makonni, sai dai mai ciki ba ta shan wannan. Inda ba a samu wata ƙwaya ba, akan yi amfani da furedinisolon. Kin ga inda haɗarin yake: maganin wannan ciwo shi ne zai ƙara wa tarin fuka ƙarfi. A ƙasa irin tamu ba na yarda a fara wa mace furedinisolon saboda ciwon nono sai an bi duk hanyar da za a iya bi an kawar da tarin fuka.

Maganin

In ya tabbata, ki kwantar da hankalinki, ciwo ne da ke warkewa, kuma kusan kullum ba tare da an cire nono ba. Za a tura ki sashen masu tarin fuka a yi miki rajista a ba ki kati. Maganin kyauta ne a asibitocin da ke ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na yaƙi da tarin fuka da kuturta, gwajin GeneXpert ma haka. Sikanin da duba nama ne za ki biya. In ba ki san cibiya mafi kusa da ke ba, ki kira 3340, layin kyauta ne.

Wata 6 ne. Wata 2 na farko magani huɗu ne a haɗe cikin ƙwaya ɗaya: rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da etambutol. Wata 4 na baya biyu ne, rifamfisin da isoniyazid. Yawan ƙwayoyin da za ki haɗiya a rana ya danganta da nauyinki, shi ya sa ake ɗora ki a sikeli duk zuwa, in kin ƙara ƙiba a ƙara. Sau ɗaya ake sha a rana, an fi so da safe kafin karin kumallo. In ya tayar miki da zuciya ki faɗa, ana iya ba ki damar haɗawa da ɗan abinci kaɗan. In azumi ya riske ki a ciki, ki zauna da ma'aikacin ku tsayar da lokaci ɗaya na dare ko na sahur, kada dai a tsallake rana. Wani lokaci likita yakan tsawaita zuwa wata 9 ko fiye in warkewa ta yi nawa. In gwaji ya nuna ƙwayar ta bijire wa rifamfisin, wannan wani tsari ne daban da cibiyoyi na musamman ke gudanarwa.

Fitsarinki zai koma ja-ja, har hawaye da gumi. Aikin rifamfisin ne, ba jini ba ne, kada ki daina. Ciwon gaɓoɓi kan zo daga firazinamid, ana iya rage shi. Jin ƙafa na zafi ko tana mutuwa daga isoniyazid ne, ana ba da bitamin B6 don kare shi, kuma mai ciki, mai shayarwa, mai suga da mai ƙanjamau su nemi a ba su tun daga farko. Amma akwai alamomin da in kin gani za ki dakatar da maganin ki koma asibiti a ranar: idanu su yi rawaya irin na shawara, amai da ya ƙi tsayawa, ciwon ciki ta dama a ƙarƙashin haƙarƙari, ƙuraje su feso a jiki da baki, ko gani ya dusashe ki kasa bambanta ja da kore. Na farkon alamar hanta ce, na ƙarshen aikin etambutol ne a jijiyar ido. Saboda hantar nan ne nake roƙon ki ajiye jiƙe-jiƙe da saiwoyi har ki gama.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa a faɗa wa mata: rifamfisin yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a hannu. Mace na shan ƙwayarta kullum sai ta ga ciki. Robar mahaifa mai jan ƙarfe ba ya taɓa ta, allurar wata uku ma tana aiki. Ki je sashen tazarar haihuwa a makon da kika fara magani. In kuma kina da ciki tun farko, magungunan nan huɗu ana shan su da ciki, barin ciwon ne ya fi haɗari gare ki da abin da ke cikinki.

Aikin wuƙa kaɗan ne. In mugunya ta sake taruwa a zuƙe ta da allura, ko sau nawa ne. Raunin kuma ki wanke shi da ruwan gishirin asibiti ko tafasasshen ruwa da ya huce, ki rufe da bandeji mai tsabta, ki canza in ya jiƙe, ki ƙone wanda kika cire, ki wanke hannu da sabulu. Rigar mama mai ɗan sakewa ta auduga ta fi.

Yaro da mutanen gida

Maganin ba ya hana shayarwa, abin da ke fita a ruwan nono kaɗan ne. Ki ci gaba da ba yaro lafiyayyen nonon. Nono mai ciwon kuwa, muddin yana da rauni ko ƙurji, ki tatse ki zubar har ya warke. Ki kai yaron a duba shi. In an samu cutar a huhunki ma, za a duba duk mutanen gidan, a ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin kariya in ba su kamu ba, ke kuma ki riƙa rufe baki da hanci da buɗe taga a makonnin farko.

In a nono kaɗai take, ba ta bin iska. Malam maigida, wannan naka ne: ba dalilin ware mata kwano, ko hana ta girki, ko mayar da ita gidansu. Abin da take buƙata daga gare ka kuɗin mota ranar karɓar magani, abinci mai gina jiki gwargwadon hali, wake, ƙwai, gyaɗa, kifi, da wanda zai tuna mata kowace safiya. Shirin ma yana neman a samu mutum ɗaya a gida da zai riƙa ganin an haɗiye ƙwayar yana sa alama a kati, kuma kai ne ka fi cancanta.

Cikin makonni zuba za ta ragu, ramuka su fara bushewa, abinci ya fara shiga. A nan ne mata ke daina sha, a wata na biyu ko na uku, ganin rauni ya rufe. Ƙwayar tana nan a lokacin, kuma in ta farfaɗo tana iya dawowa da taurin kai. Wani lokaci kuma kaluluwa takan ƙara kumbura bayan an fara magani, garkuwar jiki ce ta farka, ki nuna wa likita amma kada ki tsaya. In kuwa an kai wata biyu zuwa uku ƙullutun bai ragu ba, ko yana ƙara girma, ki nemi a sake ɗibar nama. Bayan an gama wata shida akan bar ɗan tauri ko tabo a wurin. Ki koma wajen likitan tiyata ya duba shi da sikanin, ya rubuta girmansa a katinki, ya ba ki ranar dawowa. In ya ga ya kamata a cire ragowar, ƙaramin aiki ne, kuma abin da aka cire shi ma a kai shi ɗakin gwaji.